Shin Libby zai shiga gidan yari kuwa, ko afuwa na jiransa?

MaiBibiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya Juma'a, 28 ga Oktoba 2005, aka tuhumi Lewis Libby, wanda aka fi sani da Scooter, shugaban ma'aikatan ofishin mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney, da laifuka biyar. Nan take ya ajiye aiki. Na ji ana cewa in aka same shi da laifi duka, ɗaurin zai iya kai shekara 30, ga tarar dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin. Tambayata ga masu ilimin shari'a a cikinmu: da gaske mutum irin wannan, wanda kullum yake zama a ɗaki ɗaya da shugaban ƙasa, zai sa kayan fursuna? Ni dai zuciyata ba ta yarda ba. Amma ina so in ji daga gare ku.

Dattijo52:
Wa alaikumus salam. Ba zai kwana ko ɗaya ba. Ka rubuta ka ajiye.

Uwar_Biyu:
Don Allah kafin a yi nisa, wani ya yi mana bayanin abin da ya yi. Ni abin da na fahimta shi ne ya tona asirin wata mata mai leƙen asiri. Haka ne?

Lauyan_Talaka:
Hajiya Uwar_Biyu, nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma nan ne gaɓar maganar. Ba a tuhume shi da tona asirin ba. Matar sunanta Valerie Plame, ma'aikaciyar CIA ce, matar tsohon jakada Joseph Wilson. Sunanta ya fito a rubutun ɗan jarida Robert Novak ranar 14 ga Yuli 2003, kwana takwas bayan mijinta ya rubuta a New York Times cewa gwamnatin Bush ta murɗe bayanan sirri don ta samu hujjar yaƙin Iraƙi. Akwai dokar 1982 da ta haramta fallasa jami'in leƙen asiri, amma tana da wuyar tabbatarwa: sai an nuna mutum ya san jami'in na ɓoye ne, ya san gwamnati na ƙoƙarin ɓoye shi, kuma ya fallasa da gangan. Mai gabatar da ƙara, Patrick Fitzgerald, bai bi ta nan ba.

Abin da ya kama Libby da shi ƙarya ce. Tuhuma biyu na yi wa jami'an FBI ƙarya, biyu na shaidar zur bayan ya yi rantsuwa, ɗaya na yi wa bincike zagon ƙasa. Wannan ta ƙarshen ita ce mai shekara goma, sauran huɗun biyar-biyar, shi ya ba da 30 ɗin da MaiBibiya ya ambata. Amma wannan ƙololuwa ce a takarda. Alƙalan tarayya suna da ma'aunin da suke dubawa, kuma mutumin da bai taɓa laifi ba ba a tara masa hukunci a jere haka. In aka same shi da laifi, ni ina hasashen shekara biyu zuwa uku.

Uwar_Biyu:
Na gode Barista. To ke nan wanda ya ba Novak sunan har yanzu yana yawonsa?

Lauyan_Talaka:
Har yanzu ba a tuhumi kowa da wannan ba, Hajiya.

Sarkin_Shakka:
Shi ya sa nake ganin an zalunci mutumin nan. Shekara biyu ana bincike, an kashe kuɗi, an ɗaure 'yar jarida, a ƙarshe ba a samu laifin da aka fita nema ba, sai aka kama mutum da cewa ya manta wa ya fara gaya masa wata magana. Wa zai tuna hirar waya ta wata uku ko tara da suka wuce? Mutumin da ke aiki tun asuba har dare, kullum rahoton ta'addanci a gabansa? Kuma kar mu mai da Wilson waliyyi. Rahoton kwamitin majalisar dattawa na Yuli 2004 ya nuna matarsa ce ta kawo sunansa lokacin da ake neman wanda za a tura Nijar ya binciki zargin cewa Iraƙi na neman sayen yuraniyom a can. In ma'aikatan Cheney sun ce ba mu muka aike shi ba, gaskiya suka faɗa.

Lauyan_Talaka:
Malam Sarkin_Shakka, mantuwa ita ce kariyar da lauyoyinsa za su riƙe, ba shakka. Amma ka karanta takardar tuhumar, shafi 22 ce kawai. Libby ya ce daga bakin Tim Russert na NBC ya ji labarin matar, wajen 10 ga Yuli 2003, kuma ya ji shi kamar sabon abu. Russert ya ce sam ba su yi zancenta ba. To takardar ta jero mutanen da suka yi maganar matar da Libby tun kafin wannan rana: wani babban jami'in ma'aikatar harkokin waje, wani na CIA, Cheney da kansa ranar 12 ga Yuni, Judith Miller ta New York Times ranar 23 ga Yuni da kuma 8 ga Yuli, sannan kakakin fadar White House, wanda suka ci abincin rana tare ranar 7 ga Yuli. Mutum na iya manta rana. Amma ka gaya wa wani magana ranar Litinin, ka sake gaya wa wata ranar Talata, sannan ranar Alhamis ka ce ka ji ta ka yi mamaki? Wannan ba mantuwa ba ce, ƙirƙirar labari ne. Aƙalla haka Fitzgerald zai gabatar da shi.

Kuma game da cewa ba a samu laifin asali ba, shi kansa ya amsa wannan a taron manema labarai. Ya kawo misalin alƙalin wasa da aka watsa wa ƙasa a ido: ta yaya zai ga abin da ya faru a fili? Wanda ya watsa ƙasar ba shi da bakin cewa ai alƙali bai ga laifi ba.

TsohonSakatare:
Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona, don wannan labari ya taɓa ni. Na yi shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa wani babba jaka. Ni ke shirya masa takardu, ni ke ɗaukar wayarsa, ni ke isar da saƙon da ba ya so a ji daga bakinsa. Umarni mai nauyi bai taɓa ba ni shi a rubuce ba. Sai dai ya kira ni bayan kowa ya fita, ya rage murya, ya ce ka san yadda za ka yi. Ranar da kwamitin bincike ya zo, ina zaune a kujerar bayansa, aka miƙo masa takardar da na sa wa hannu bisa umarninsa. Ya gyara tabarau, ya juya ta gaba da baya, ya ce shi yau ya fara ganinta. Bai ko waiwayo ya dube ni ba. Abin da ya cece ni wani ɗan littafi ne mai baƙin bango da nake rubuta komai a ciki, rana da lokaci. Aikin dai na rasa shi, amma ban shiga hannu ba.

Shi ya sa da na ji cewa rubutun hannun Libby ne ya nuna daga wurin Cheney ya ji labarin matar, sai jikina ya yi sanyi. Littafin da ya cece ni, irinsa ne zai iya kashe shi, don abin da ya faɗa da baki ya saɓa da abin da ya rubuta da hannu. Kuma ku tambayi kanku, me zai sa lauya mai shekara 55, wanda ya yi Yale da Columbia, ya san hukuncin shaidar zur sarai, ya jefa kansa a wannan rami? Ba don kansa ya yi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Uwar_Biyu:
Allah sarki Baba. Allah ya saka maka.

DanAbzin:
Ni abin da ke ci mini rai, duk ana ta Libby, Libby, an manta da ƙasar da aka yi wa ƙazafi. Da sunan Nijar aka yi wannan aika-aika. Aka ce mun yi yarjejeniyar sayar wa Saddam tan 500 na yuraniyom. Duk wanda ya san Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom, ya san wannan magana ba ta shiga hankali. A lokacin kamfanoni biyu ne ke haƙa, Somair da Cominak, kuma Faransawa ne ke riƙe da ragamarsu. Na sha ganin motocin a hanyar Tawa, ganguna a jere, da rakiya, ana ƙirga su tun daga ma'adana har tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Tan 500 ba goro ba ne da za a sa a aljihu. Takardun da aka kafa hujja da su ma na jabu ne, har da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ya faɗa wa kwamitin sulhu haka ranar 7 ga Maris 2003, kuma ba a yi mako biyu ba aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Wa aka tuhuma da ƙirƙiro takardun? Wa ya ba mu haƙuri?

Sarkin_Shakka:
Ɗan'uwa DanAbzin, ina jin zafin da kake ji. Gyara ɗaya kawai: a jawabin Bush na 28 ga Janairu 2003 bai ambaci Nijar ba. Afirka ya ce, kuma ya jingina maganar ga gwamnatin Birtaniya. Su kuma Turawan Ingila, a rahoton Butler na 2004, sun tsaya a kan cewa bayanansu na da tushe, don jakadan Iraƙi a Vatican ya ziyarci Yamai a 1999.

DanAbzin:
Ziyara daban, ciniki daban, Malam. In baƙo ya shigo gidanka ya sha ruwa ya tafi, sai a ce ka sayar masa da gonarka? Kuma in maganar tana da tushe, me ya sa fadar White House da kanta ta amsa a watan Yuli 2003 cewa bai kamata ta shiga jawabin ba? Shugaban CIA George Tenet ya ɗauki laifin a kansa, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Bush ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta farar hula. A makon nan sojan Amurka da suka mutu a Iraƙi suka cika 2,000. Mutanen Iraƙi kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu.

MaiBibiya:
Maganarka gaskiya ce DanAbzin, kuma ta cancanci zaurenta daban. Amma mu dawo kan tambayar: ɗauri ko afuwa? Baba Dattijo52, ka yanke hukunci a layi ɗaya ka tafi. Ka ba mu hujja.

Dattijo52:
To yaro, ga hujja. Ina bibiyar siyasar Amurka a rediyo tun kafin a haifi wasunku. Tsarin mulkinsu ya ba shugaban ƙasa ikon yafe duk laifin tarayya, ba sai ya nemi izinin majalisa ba, ba sai ma an gama shari'a ba. Shugaba Ford ya yafe wa tsohon shugaba Nixon a 1974 tun ba a tuhume shi da komai ba. Uban wannan Bush ɗin, ranar 24 ga Disamba 1992, yana shirin barin mulki, ya yafe wa tsohon sakataren tsaro Caspar Weinberger da wasu mutum biyar a badaƙalar Iran da 'yan tawayen Nicaragua, saura 'yan kwanaki a fara shari'ar Weinberger ɗin. Ɗaya daga cikin waɗanda aka yafe wa, Elliott Abrams, a wannan shekara ta 2005 yana aiki a fadar White House. Shi kansa Libby ya san hanyar, don ya daɗe yana lauyan Marc Rich, attajirin da Clinton ya yafe wa a ranarsa ta ƙarshe a ofis a 2001. Wa'adin Bush zai ƙare 20 ga Janairu 2009. Aikin lauyoyin Libby ɗaya ne: su ja shari'ar har ta kai can.

Malamin_Tarihi:
Ranka ya daɗe, tarihin da ka kawo daidai ne, amma rabi ne. A badaƙalar Watergate da ta kayar da Nixon, H.R. Haldeman, shugaban ma'aikatan Nixon, da John Ehrlichman, kowannensu ya yi wata 18 a kurkuku. John Mitchell, wanda ya taɓa zama babban lauyan gwamnati, ya yi wata 19. Nixon ya tafi bai yafe musu ba, Ford ma bai yafe musu ba. Maigida ne ya tsira, yaran suka sha ɗauri. Kuma wannan Bush ɗin ba mai sakin hannu ba ne wajen afuwa. Yana gwamnan Texas aka zartar da hukuncin kisa a kan mutum 152.

Dattijo52:
Waɗancan 152 ba su san sirrinsa ba, Malam. Wannan ya sani.

'YarJarida:
Ni ɓangaren da ya fi damuna shi ne na 'yan jarida. Judith Miller ta yi kwana 85 a tsare don ta ƙi faɗin majiyarta, sai da Libby ya sake ta da bakinsa sannan ta yi magana. Yanzu in aka je kotu, manyan shaidun gwamnati 'yan jarida uku ne: ita, da Russert, da Matthew Cooper na mujallar Time. Lauyoyin Libby za su nemi littattafan rubutunsu, su tsitsiye su a gaban duniya. Gobe wane ƙaramin ma'aikaci ne zai yarda ya kira ɗan jarida ya tona wata ɓarna? Amma kuma dole in faɗi gaskiya a kan sana'armu: kare majiya an yi shi ne don mai rauni da ke tona asirin mai ƙarfi. A nan mai ƙarfi ne ya fake a bayan 'yan jarida don ya bugi wanda ya soki gwamnati. Har ta yarda za ta kira shi tsohon ma'aikacin majalisa a rubutunta don kar a gane daga ofishin Cheney maganar ta fito. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

MaiTasi_DC:
Salam jama'a. Ina zaune a Washington, kuma an taɓa kirana aikin masu taya alƙali yanke hukunci, a wata ƙaramar shari'a. Mu goma sha biyu aka rufe a ɗaki, da tebur ɗaya da tulin takardu. Akwai wata tsohuwa mai aikin jinya a cikinmu, ba ta cika magana ba. Muna ta gardama a kan ko mai shaida ya manta ne ko ƙarya yake, sai ta ce a kawo mata kalanda. Ta bi ranakun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce wanda ya manta yakan rikice ta kowane ɓangare, amma wannan duk mantuwarsa ta faɗo inda za ta amfane shi. Shiru ɗakin ya yi. Irin mutanen da Libby zai fuskanta ke nan. Ba ruwansu da muƙaminsa. Kuma ku sani, a zaɓen 2004 kusan tara cikin goma na masu zaɓe a birnin nan John Kerry, abokin hamayyar Bush, suka zaɓa. Ba na cewa za su yi rashin adalci, amma ba zai samu masu tausaya masa don siyasa ba. Sai dai dole duka sha biyun su yarda. Mutum ɗaya ya ƙi, shari'a ta watse.

Lauyan_Talaka:
Abin da MaiTasi_DC ya faɗa shi ya sa nake ganin hanya uku ce a gabansa. Ko ya amsa laifi a rage masa, wanda shi ne abin da mafi yawan waɗanda ake tuhuma a kotunan tarayya suke yi. Amma Fitzgerald ba zai ba da rangwame kyauta ba, sai da bayani a kan na sama, kamar yadda John Dean, lauyan fadar White House, ya juya wa Nixon baya ya yi wata huɗu kacal. Ko ya je shari'a, lauyoyinsa su nemi a ba su tulin takardun sirri da suka san gwamnati ba za ta so su fita ba, da fatan ƙarar ta maƙale. Ko kuma ya yi shiru ya jure, ya dogara da abin da Baba Dattijo52 ya faɗa. Ku lura, ta ɗaya da ta uku ba sa haɗuwa. Ranar da ya buɗe baki, ranar ya rufe ƙofar afuwa.

Kuma kar a raina Fitzgerald. Shi ya yi shari'ar waɗanda suka kai harin ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya, kuma a wannan shekara ta 2005 ofishinsa na Chicago yana shari'a da tsohon gwamnan Illinois, George Ryan, ɗan jam'iyyar Bush. Gwamnatin Bush ɗin ce ma ta naɗa shi, don haka da wuya a ce masa ɗan adawa.

Gimbiya_Z:
Ni dai abin da na sani, Martha Stewart, shahararriyar 'yar kasuwar nan, da duk kuɗinta da sunanta, wata biyar ta yi a kurkuku a kan yi wa masu bincike ƙarya, bana ta fito. Kuma 'yan jam'iyyar Bush su suka kaɗa ƙuri'ar tsige Clinton a majalisar wakilai a 1998 a kan shaidar zur, suna cewa ba wanda ya fi ƙarfin doka. In yanzu suka ce ƙarya bayan rantsuwa ƙaramin abu ne, da wane ido za su kalli mutane?

Sarkin_Shakka:
'Yar'uwa Gimbiya, wannan hujjar taki ta kama ni, ba zan musa ba. Amma har yanzu ina cewa a bari a ji ta bakinsa. Takardar tuhuma labarin ɓangare ɗaya ce. A ɗakin da aka tantance ta ba a bar lauyansa ya shiga ba, ba wanda ya yi wa shaidu tambayar ƙure. Miller da kanta ta ce ba ta tuna wa ya ba ta sunan matar da aka gani a littafinta. In ita an yarda ta manta, don me shi ba za a yarda ba?

Uwar_Biyu:
Karl Rove, mai ba Bush shawara kan siyasa, fa? Na ji sau huɗu yana zuwa ba da shaida.

Malamin_Tarihi:
Ba a tuhume shi ba, amma ba a ce ya fita ba. Lauyansa ya ce binciken na nan. Ki tuna a 2003 kakakin fadar ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce Rove da Libby sun tabbatar masa ba hannunsu. Da farko an ce duk wanda ke da hannu za a kore shi, bana kuma Bush ya ce wanda ya aikata laifi. Kin ga an matsar da iyakar.

MaiBibiya:
Ga sabon labari ga masu bin zauren. Yau Alhamis, 3 ga Nuwamba, Libby ya bayyana gaban alƙali Reggie Walton, yana dogara sanduna saboda ciwon ƙafa, ya ce bai aikata ba. Ya ɗauko manyan lauyoyi, Ted Wells da William Jeffress, kuma Wells ya ce shari'a za su yi, mutuminsu yana so ya wanke sunansa. Cheney kuma tuni ya ba David Addington kujerar Libby. Barista, ke nan hanyarka ta farko ta rufe?

Lauyan_Talaka:
Ba ta rufe ba tukuna. Kowa da haka yake farawa, ana iya sasantawa ko ana gobe shari'a. Amma wanda ya ɗauko Wells ba da niyyar miƙa wuya ya ɗauko shi ba. Abin da zan sa wa ido shi ne ko za su kira Cheney ya ba da shaida.

TsohonSakatare:
In ma sun kira shi, ina jin na san abin da zai faru. Zai gyara tabarau ya ce bai tuna ba. Abin da nake so in sani, a daren nan, wa ya ɗaga waya ya kira Libby daga ofishin da ya yi wa aiki kusan shekara biyar? Ni wata shida wayata ba ta yi ƙara ba.

Dattijo52:
Za su kira shi, Malam. Kai ba ka riƙe abin da zai kai maigidanka ƙasa ba, shi ya riƙe. Ina nan a kan bakana.

MaiTasi_DC:
Baba, ko da an yafe masa daga baya, sai ya fara zama gaban mutum goma sha biyun nan tukuna. Kotun tana kan hanyata, kusan kullum nakan sauke fasinja a ƙofarta. In an fara zan riƙa kawo muku abin da na gani.